Yadda Ake Tantance Hoto da Sautin Fim ɗin Almara da Aka Sabunta Kafin a Kai Shi Gida

Wata Juma'a cikin hunturun da ya wuce ƙanena ya shigo gida da filas a hannu yana murna, wai ya samo fim ɗin Indiya Baahubali wankakke, mai 4K, a wani shagon masu tura fina-finai a nan cikin Katsina. Bayan sallar isha'i muka shimfiɗa darduma a falo, yara suka yi tsit. Ba a yi minti goma ba na gane babu abin da aka sabunta a wannan kwafin sai sunansa. Ruwan da ke kwararowa daga kan tsauni ya farfashe ya zama 'yan murabba'ai kamar an jera tayil, dare ya yi dabbare-dabbare, muryar masu fassara kuma tana riga leɓen 'yan wasa motsi. Da na duba nauyin fayil ɗin sai na ga mega 800 ne, alhali fim ɗin ya haura awa biyu da rabi. Ran yaron ya ɓaci, ni ma nawa ya ɓaci, domin kuɗin makarantarsa ya tsakura. Abin da na koya masa a daren nan shi zan shimfiɗa a nan.

Fim ɗin almara, wato mai aljanu da dodanni da sihiri da yaƙin sarakunan da, shi ne ya fi kowane irin fim tona asirin kwafi mara kyau. Fim ɗin soyayya da aka ɗauka a falo mai haske, mutum biyu zaune suna hira, ko a ƙaramar waya zai fito garau. Shi kuwa na almara rabinsa duhu ne, da hayaƙi, da wuta, da guguwa, da dubban mayaƙa suna gudu, sautinsa kuma daga raɗa yake tashi ya kai tsawa. Waɗannan su ne abubuwan da suka fi wuyar adanawa a cikin fayil. Mu kuma Katsinawa ba baƙin almara ba ne: Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja a 1933, yayansa Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, shi ya rubuta Ganɗoki. Garin da ya ba Hausa irin waɗannan labarai ya cancanci ya kalle su da kyau in sun zo a majigi.

Mene ne sabuntawar?

Abin da masu sayarwa ke kira rimasta, ma'anarsa a koma ga asalin abin da aka ɗauki fim a kansa a sake fitar da shi da na'urorin zamani. Idan da zaren majigi mai faɗin milimita 35 aka ɗauka, sai a nemo nagatif ɗinsa, a wanke shi, a bi shi hoto bayan hoto ana kwafewa cikin kwamfuta, hoto 24 a kowace daƙiƙa. Sannan a share ƙarce da ƙura, a daidaita launi, a tace sauti. Irin wannan zaren yana riƙe da bayani mai yawa, shi ya sa fim ɗin da ya shekara hamsin zai iya fitowa tar kamar jiya aka ɗauke shi. Muna da shaida a gida. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓata. Da aka gano zarensa, cibiyar Arsenal ta birnin Balin ta haɗa hannu da Hukumar Fina-finai ta Nijeriya aka gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018.

Amma ko a hannun manya, sabuntawa ba ta rasa abin cewa. The Lord of the Rings, kashi uku da suka fito a 2001 da 2002 da 2003, an sake fitar da su a faifan 4K a Disamban 2020 ƙarƙashin kulawar daraktansu Peter Jackson da kansa. Launi ya gyaru, koren da ya rufe kashi na farko a faifan 2011 ya tafi, an kuma ƙara masa tsarin sauti na Dolby Atmos. Duk da haka masu lura sun koka cewa an goge tsakin hoto fiye da kima a wasu wurare har fuskoki suka yi santsi, kuma dodannin da aka ƙera da kwamfuta tun asali a ƙaramin ma'auni aka yi su, faɗaɗa su kawai aka yi. To, in haka ta faru ga fim ɗin da aka zuba wa miliyoyin daloli, ka san rubutun 4K a kan fayil ba hujja ba ne.

Fina-finanmu na Hausa na farko kuwa, tun daga Turmin Danya na 1990 har zuwa irin su Daskin da Riɗi na kamfanin Sarauniya a ƙarshen shekarun 1990, a kan kaset ɗin bidiyo aka ɗauke su. Kaset ɗin VHS layin hotonsa bai wuce kimanin 240 ba. Faifan VCD da ya biyo baya ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye. DVD kuma 720 da 576. Kwatanta da 4K mai ɗigo 3840 da 2160. Abin da kyamara ba ta kama ba tun ranar ɗauka, babu na'urar da za ta dawo da shi. Duk wanda ya ce maka yana da tsohon fim ɗin Hausa na kaset a 4K, hura shi kawai aka yi kamar balan-balan.

Gwaji a shago

Farko dai, in akwai hanyar samun fim daga hannun masu shi, ko faifai na asali, ko tasharsu ta YouTube, ko manhajar da suka sa shi, nan ya fi, don inganci da kuma don haƙƙin waɗanda suka yi wahalarsa. Ko ta ina kwafin ya zo, kada ka biya sai ka gani. Ce wa mai shago, “Malam, don Allah buɗe mini shi a kwamfuta in duba.” Mai gaskiya ba zai ƙi ba.

Fara da nauyi. Netflix kan ci kusan giga 3 a awa ɗaya idan hoton HD ne, har zuwa giga 7 idan 4K ne, faifan 4K na asali kuwa giga 66 ko 100 yake ɗauka. Ma'aunina shi ne: fim na awa biyu da aka ce 1080 ne, in bai kai giga 3 ba ina shakkarsa, wanda aka ce 4K ne, in bai kai giga 12 zuwa 15 ba, ba na ɗauka. Akwai 'yar manhaja kyauta mai suna MediaInfo da ke shiga waya, tana faɗa maka ainihin yawan ɗigon hoto da irin sautin da ke ciki. Manhajar kallo ta VLC ma tana nunawa.

Nauyi kaɗai ba ya isa, domin ana iya ɗaukar kwafi mai dishi-dishi a kumbura shi ya kai giga goma. Saboda haka sai ido ya yi aikinsa. Kada ka tsaya a farkon fim inda sunaye ke wucewa. Ja shi zuwa wurin da ya fi duhu, kogo ko dare ko kurkuku, ka tsayar da hoton. A kwafi mai kyau duhu yana da hawa-hawa: za ka ga baƙin bango daban, baƙin rigar jarumi daban, inuwa daban. A mara kyau duk sun narke sun zama abu guda, ko kuma ka ga zobba-zobba kewaye da fitila ko wata, kamar an zana su da alli. Daga nan ka nemi wurin da abubuwa ke motsi da yawa, ruwan sama, tartsatsin wuta, ƙurar dawaki. In hoton ya farfashe a nan, an matse fayil ɗin fiye da ƙarfinsa, kuma a babbar talabijin abin zai ninka muni.

Sai fuska, kuma a nan nake so ka daɗe. Nemi inda kyamara ta matso kusa da dattijo. Ya kamata ka ga gashin gemu ɗaya-ɗaya, da tamojin goshi, da zufa, da saƙar tufa. Tsohon fim na zare yana da wani ɗan tsaki-tsaki mai motsi a ko'ina cikin hoton, kamar an barbaɗa lallausan yashi. Mutane da yawa suna ɗauka datti ne. Ba datti ba ne, jikin hoton ne, kuma in aka goge shi da ƙarfi yakan tafi da fatar mutane, su koma kamar 'yar tsanar roba. Yanzu kuma an shigo da manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke ƙara wa tsohon bidiyo kaifi ta hanyar cike giɓi da zato. Na ga abin da suke yi wa fina-finanmu, kuma yana ci mini rai: suna share zanen fuska da tsagar gado saboda sun ɗauka ƙarce ne, suna dagula aikin aska takwas a kan babbar riga, rubutun allo ya koma wasu ƙugiyoyi marasa ma'ana, haƙora su yi fari fat, idanu su canza kama. Jarumin da ka sani tun kana yaro sai ya koma wani baƙo. Gara mini dishi-dishin kaset na gaskiya da irin wannan kyau na aro.

Duba siffar hoton ma. Tsofaffin fina-finan kaset kusan murabba'i suke, huɗu bisa uku, don haka dole su bar baƙin fili dama da hagu a talabijin ta zamani. Manyan fina-finan silima kuma sukan bar baƙi sama da ƙasa. In ka ga an cika allo dam, to ko an ja hoton har mutane sun yi gajeru masu faɗi, ko an yanke kawuna da ƙafafu. Wata ko garkuwa ko tayar keke za su gaya maka gaskiya: in da'ira ta koma ƙwai, an ja.

Na ƙarshe, sa abin sauraro a kunne ka nemi wurin hira. Kalli leɓe, musamman haruffan da ke rufe baki kamar ba da ma. Sannan ka tsallaka can kusa da ƙarshen fim ka sake dubawa, domin sau da yawa sauti yakan fara daidai ya riƙa zamewa a hankali. Dalili shi ne fim ɗin silima hoto 24 yake gudu a daƙiƙa, tsarin talabijin ɗinmu na PAL kuma 25. In aka ɗauko sauti daga wannan aka ɗora wa wancan, kafin awa guda tazarar ta wuce minti biyu. Wannan ya fi shafar fassarar Indiya-Hausa. Masu fassara irin su Algaita a kan wani kwafi takamaimai suke ɗora murya. Da aka haɗe Baahubali na 2015 da na 2017 aka sabunta su suka fito a matsayin fim guda a Oktoban 2025, an rage tsawonsu daga sama da awa biyar zuwa ƙasa da huɗu. Tsohuwar fassara ba za ta taɓa hawa kan wannan sabon yankan ba sai an sake aikin daga tushe. Haka nan fassarar Hausa galibi lasifika biyu take amfani da su, saboda haka in an rubuta maka Atmos a kan fassararren fim, ka san ado ne.

Abu biyu kan ba mutane matsala bayan sun isa gida. Filas da aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce giga 4. Sai an mayar da shi NTFS ko exFAT, kuma yin haka yakan share duk abin da ke ciki, don haka a kwashe tukuna. Na biyu, in talabijin ɗinka ba ta da ƙarfin haske, ka guji kwafi mai tsarin haske na HDR. A irin talabijin masu sauƙin kuɗi da suka fi yawa a gidajenmu, HDR yakan fito a dushe kamar an kalle shi ta cikin hazo, wani ma ya rine da shunayya da kore in na'urar ba ta gane Dolby Vision ba. Kwafin 1080 mai nauyi ya fi 4K mai HDR kyau a irin wannan allon nesa ba kusa ba. In kuma talabijin ɗin mai inci 32 ce, yawancinsu ɗigo 1366 da 768 ne kawai, kada ka ɓata data ko kuɗi a kan 4K.

Saita talabijin

Talabijin daga kanti take zuwa da saitin jan hankalin mai saye: haske ƙwal, launi ja-ja-wur, shuɗi ya yi yawa. Shiga wurin saitin hoto ka fitar da ita daga Vivid ko Dynamic, ka mayar Movie ko Cinema, ko Filmmaker Mode in tana da shi. Da farko za ka ga kamar hoton ya yi ɗorawa-ɗorawa. Yi haƙuri kwana biyu, ido zai saba, kuma za ka lura fatar mutane ta dawo irin ta mutane. Rage Sharpness zuwa kusan sifili, domin ba ya ƙara komai sai farin layi a gefen abubuwa. Kashe mai rage tsaki in kwafin mai kyau ne. In tsohon VCD ne kana iya barinsa a mataki na ƙasa. Sannan ka nemo abin da ke sa motsi ya yi sulɓi, wanda LG ke kira TruMotion, Samsung Auto Motion Plus, Sony Motionflow, ka kashe shi. Shi ne ke ƙirƙiro hotunan da babu su a tsakanin na gaske, yana mayar da yaƙin aljanu kamar wasan kwaikwayon dandali, takobi ya riƙa barin inuwa a bayansa.

Kada a rikita Brightness da Backlight. Na biyun shi ne ƙarfin fitilar bayan allo: ɗaga shi da rana, rage shi da dare. Na farkon kuwa zurfin baƙi yake gyarawa. Tsayar da fim a wurin duhun nan da ka gwada a shago, ka ɗaga Brightness har baƙin filin sama da ƙasa ya fara yin toka, sannan ka sauke kaɗan-kaɗan har ya koma baƙi amma ba ka rasa ninkin rigar jarumi ba. Nan ne wurinsa. Masu amfani da sola da inbata su lura: tsarin tsimin wuta yakan riƙa rage haske da kansa a tsakiyar kallo. In batir zai ɗauka, kashe shi har a gama fim. Sitabilaiza kuwa wajibi ce a garin da wuta ke hawa da sauka.

Tazarar zama ma tana da tasiri. Allo mai inci 43 yana son a zauna kimanin mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Mai inci 55 mita biyu da 'yan kai. Mukan liƙa talabijin can kusa da silin mu kuma zauna a ƙasa, wuya ya gaji, launi ya dushe. Sauko da ita daidai idon mai zaune. Kada ta fuskanci taga ko ƙofa. Kada kuma a kashe fitila ɗungurungum; ƙaramin ƙwai a bayan talabijin yana hutar da ido. Lokacin hunturu ƙura kan kwanta a allo cikin yini guda, ta cinye zurfin baƙi. Kashe talabijin, ka kaɗe ƙurar a hankali da tsumma mai laushi irin na goge tabarau, kada ka dirza, kada ka fesa ruwa kai tsaye, domin ƙurar nan yashi ce, tana ƙarce allo.

Sauti

Kukan da na fi ji shi ne: ba a jin magana, amma da an fara yaƙi sai gida ya ɗauka, har maƙwabta su ji. Ga sababin. An tsara sautin manyan fina-finai don lasifika shida, kuma kusan duk magana ta lasifikar tsakiya take fitowa. In aka matse shidan cikin 'yan lasifikan talabijin guda biyu masu kallon ƙasa ko bango, kiɗa da tsawa sai su danne murya. Magani mafi sauƙi: duba ko fayil ɗin yana da zaɓin sauti mai lasifika biyu, wanda aka rubuta 2.0, ka zaɓe shi. In babu, kunna Night Mode ko Clear Voice, suna ɗaga raɗa su sauke tsawa. Mai hom tiyata ya ƙara wa lasifikar tsakiya maki biyu ko uku, ya ajiye ta daidai ƙarƙashin allo, ya kuma rage wufa. Mun saba ƙure ƙugin wufa saboda waƙa, amma a fim yana haɗiye baƙaƙen magana. Janye ta daga lungu kaɗan, ƙugin zai daidaita.

Haɗa na'urar sauti da wayar HDMI ta ramin da aka rubuta ARC, ko da wayar haske. Bluetooth yakan jinkirta sauti har a ga leɓe ya riga murya. In jinkirin daga fayil ne kuma bai canzawa daga farko zuwa ƙarshe, VLC a kwamfuta yana gyara shi da maɓallan J da K, MX Player ma yana da wurin gyaransa a waya. In kana jin wani ƙugi mara yankewa ko an tsayar da fim, yawanci daga wuta ne: jona talabijin da na'urar sauti a soket guda, ka raba wayar sauti da wayar wuta. Injin janareta kuma a nisanta shi da tagar falo, don kunne da kuma don hayaƙinsa mai kisa.

Ɗaki shi ne rabin sauti. Falon tayil mai bangon siminti da silin roba amsa-kuwwa yake yi, magana ta riƙa karo da kanta. Tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar ɗakin. In ka ji ƙara ta bi bayan tafin, ɗakin na bukatar tufafi. Kafet ko darduma a tsakanin masu kallo da talabijin, labule mai kauri, kujerun kushin, sun fi sabuwar lasifika amfani, kuma yawancin gidaje suna da su.

Ga masu tsofaffin kaset

Akwai gidaje a Ƙofar Soro da Ƙofar Marusa da sauran unguwannin cikin gari da har yau ke da kwalin kaset a ƙarƙashin gado, wasu ma na shagunan haya ne da aka rufe. Zafin bazara da ke haura maki 40 yana cin su, raɓar damina tana sa musu fumfuna. A jera su a tsaye kamar littattafai, a ɗaki mai sanyi, nesa da lasifika saboda maganaɗisunta. Wanda ya yi fari-fari a ciki kada a saka shi a na'ura sai an tsabtace, domin zai ɓata kanta ya kuma ɓata na bayansa. In za a kwafe zuwa kwamfuta, a goge kan na'urar, a daidaita tirakin har layukan ƙasa su kwanta, a ɗauka a ma'aunin 720 da 576, a bar siffarsa ta huɗu bisa uku, kada a ɗora tambari ko lambar waya a kan hoto. Wannan kwafin na farko a adana shi yadda yake a wuri biyu, duk wani gyaran launi ko rage shuu na sauti a yi shi a kan na biyu, da sassauci. Kafin a yaɗa shi kuma a nemi izinin masu fim ɗin ko magadansu.

Ina roƙon duk wanda ke da irin waɗannan kaset a Katsina, musamman na tatsuniya da almara, kada ya zubar, kada ya bar wa yara su warware zaren. Mai yiwuwa naka ne kwafi mafi kyau da ya rage, kuma masu fim ɗin suna nemansa.